Baƙar Ledar Umma a Hannun Biri

Shekarata goma sha tara a lokacin, na gama sakandare ina zaune a gidanmu a Kurmin Mashi ina jiran sakamako. Abu biyu aka san ni da su a gida: ba na iya jira, kuma ba a gama yi mini magana ban mayar ba. Ba abin alfahari ba ne, na faɗa ne don halin nan shi ya jawo abin da ya faru.

Kawuna, ƙanin Ummanmu, direban doguwar bas ne. Bayan ƙaramar Sallah ya kwance kujerun baya, ya shimfiɗa katifu, ya ɗauko tamfol da zai ɗaura a jikin motar ya zama rumfa, ya ce zai kai mu wani wurin shaƙatawa a bakin dam a bayan gari mu yi kwana biyu, motar ce ɗakinmu. Umma ba ta so zuwa ba, saboda tana fama da asma. Ni na hana ta sakat har ta yarda, muka tafi mu huɗu da yayata. Muna isa maigadin wurin, wani dattijo Bakatsine, ya ja mana kunne kan birai. Ya ce kada a ba su ko ɓawon ayaba, don birin da ka ba yau, gobe ba roƙo zai yi ba, ƙwace zai yi. Na ce masa to Baba, amma a raina cewa na yi tsoho ya samu masu saurare.

Ko awa ɗaya ba a yi ba na zaga bayan mota da ragowar cincin ɗin Sallah a baƙar leda. In na kaɗa ledar ta yi ƙara sai birai su sauko, in watsa musu ina ɗaukar bidiyo. Yaya ta ce in bari, na ce ai ita ma kallo take tana dariya, ta ƙyale ni. Kafin la'asar sun gane karatun: ƙarar leda abinci ne. Abin da ban yi tunani ba shi ne, mu komai namu a baƙar leda yake. Gishiri, sabulu, ashana, har maganin Umma na shaƙa, wanda in numfashinta ya sarƙe shi kaɗai ke buɗe mata ƙirji.

Washegari da hantsi Kawu ya sayi kifi wurin masunta yana gasawa, iska ta juyo da hayaƙin cikin rumfa. Umma ta fara tari, ƙirjinta na fito, ta yi mini nuni in ɗauko ledarta a mota. Na fito da ita ina sauri tana ƙara a hannuna, sai wani ƙaton biri namiji ya diro daga saman motar ya fizge, ya haye ɗorawar da ke kusa. Maigadi ya iso da gudu ya ce kowa ya tsaya inda yake. Ya ce a zuba abinci a ƙasa a ja da baya, in birin ya yage ledar ya ga ba na ci ba ne da kansa zai sake ta. Yaya ta tafi ɗauko ayaba. Ni kuwa ina jin numfashin Umma a bayana, na kasa tsayawa, na ɗauki dutse na jefe shi. Ban same shi ba. Ya tsallaka bishiya ta gaba, daga nan ya shige kurmi da ledar a baki. Dattijon ya juya ya ce wa Kawu ya tada mota.

Da wuƙa Kawu ya yanke igiyoyin tamfol, muka bar tukwane da kifin a kan wuta. Umma ta jingina da ni a kan katifa, leɓɓanta sun yi duhu, tana son yin kalmar shahada numfashin bai isa ba. Kwana huɗu ta yi a asibiti da robar iska a hanci. Likita ya tambayi inda maganinta yake. Da ta samu bakin magana cewa ta yi biri ne ya ɗauka, ba ta ambace ni ba. Kawu ne ya tare ni a baranda ya ce birai biyu ne suka yi aikin, ɗaya ya shiga kurmi, ɗayan ga shi a gabansa da hijabi. Ranar ce ta farko da aka gaya mini magana ban mayar ba.

Da Kawu ya koma kwaso kayanmu, maigadin ya miƙa masa maganin, lafiyarsa ƙalau sai shatin haƙori. A bakin kurmin ya tsince shi, birin ya yar kamar yadda ya faɗa. Maigadin ya kuma ce tun tafiyarmu ba mai iya riƙe leda a wurin, har wata mai goyo biran suka yaga wa hannu.

Umma ta warke, alhamdu lillahi, kuma har yau ba ta taɓa tada maganar ba. Sai dai yanzu maganin yana cikin ƙaramar jaka mai zif rataye a wuyanta, in kuwa ta manta shi a ɗaki, Yaya take aika ko da ni ce a kusa. Wannan ya fi mini faɗa ciwo. Abin da na koya ba mai yawa ba ne. In kun je wurin da ba naku ba, wanda ya daɗe a wurin ya ce kada ku yi, to kada ku yi, ko da ba ku ga dalili ba. Kada ku ciyar da dabbar daji don hoto, wani ne zai sha wahalar sabon da kuka yi mata. Maganin mara lafiya kuma a jikinsa ya kamata ya zauna, ba a ledar da ta yi kama da ta cincin ba. Bidiyon yana nan a wayata, ana jin muryata ina dariya ina kaɗa leda. Ban goge ba. In na ji bakina ko hannuna zai riga hankalina, shi nake kunnawa.