Jarkar da Ba Ta Sha Rana Ba

Mota ta mutu mana a tsakiyar sahara, ruwan mutum ɗaya ya zama na mutum biyu. Ni na dawo Bauchi da ƙafata, abokina ya dawo a kwance. Wannan abu ba zai bar zuciyata ba har ranar da za a sa ni a rami.

Lokacin ina dako a kasuwar Muda Lawal. Labarin zinariya ya cika gari, wai arewa da Agadas tsintarta ake yi. Abokina manomi ne a Miri, tun muna yara muke tare. Shi mai surutu ne, ni ba na son magana, shi ya sa muka daɗe. Shi ya kawo zancen tafiya, ni na ce to.

Waɗanda suka je suka dawo sun ce kowa ya tafi da jarkoki biyu daga gida, don can samun mai kyau wuya ne. Na je Fadaman Mada wurin yayata mai sayar da manja. Ta ba ni tsofaffi biyu masu ruwan ɗorawa, munana. Ta wanke su da toka da tsakuwa da ruwan zafi, ta yi ta girgizawa har hannunta ya gaji. Na miƙa hannu zan ɗauka, ta buge shi.

"Ina za ka da su? Ba su sha rana ba."

Ta cika su da ruwa, ta sa leda a baki ta ɗaure murfi, ta kifa su ta ga ko suna yoyo. Sannan ta bar su a tsakar gida rana ta yini a kansu. Da yamma ta buɗe, ta sunsuna, ta ɗanɗana. Ta ce, "Jarka ba ta faɗin abin da ta taɓa ɗauka sai ta ji zafi. Waɗannan manja kawai suka sani, manja kuwa bai taɓa kashe kowa ba." Ta ɗinka musu buhun algarara a jiki, ta ce in riƙa jiƙa shi in na samu hali, ruwan zai yi sanyi.

Muna nan sai ga abokina a kan babur, ya ɗauro nasa biyu, shuɗɗa, fes kamar sababbi. Ya kurɓi nawa ya yamutsa fuska.

"Ɗan'uwa, ruwa za ka sha a hanya ko miya?"

Yaya ta ce, "Kai naka me suka taɓa ɗauka?"

"Ba komai, Yaya. A ɗakin kayan gona na same su, na wanke da omo tas."

"Bar su nan su sha rana."

"Ai wurin ranar muka nufa. Za su sha har su ƙoshi."

Muka yi dariya, har ita. Ta sunsuna, ƙanshin omo kawai ta ji. Da safe motar Kano za ta tashi, maganar ta tsaya nan.

A Agadas muka cika jarkoki, aka rataya su a jikin babbar mota, muka shiga ayari. Da farko duron direba muke sha. Can cikin yashi wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin motarmu. Sauran motocin suka wuce, aka ce za a turo mana da ƙarfen. Muka shige ƙarƙashin mota muna bin inuwa. Duro ya ƙare, kowa ya kwance jarkarsa.

Da abokina ya buɗe ta farko, warin ya bugi hancina daga inda nake. Maganin feshi ne, irin wanda ake kashe ciyawa da shi. Ya fi kowa sanin warin nan. Ya mayar da murfin a hankali, ya ce, "To, ta sha rana." Bai yi dariya ba.

Na ce, "Ta biyun fa?"

"Ita lafiya lau."

"Kawo in sunsuna."

"Yanzu kuma kai ne Yaya?"

Na bar shi. Duk da haka in zan sha nakan zuba masa a murfi, ya karɓa ya sha. Ya ga ruwana yana raguwa, ba alamar mota. Sai ya fara cewa ya ƙoshi da miya, ya riƙa zagayawa ɗaya gefen motar, ya dawo da leɓe a jiƙe. Na ɗauka mai kyaun yake sha.

Amai ya fara kama shi. Sai zufa, sai yawu yana zuba, jiki na rawa. Na zagaya na buɗe ta biyun. Wari ɗaya ne da ta farko. Na tuntsurar da su duka a yashi, wasu fasinjoji suna ihu wai ina zubar da ruwa. Ban kula su ba.

Na ɗaga kansa na ce, "Me ya sa?"

Ya ce, "Na yi wa ruwanka dariya. Kuma yaranka sun fi nawa ƙanana."

Na ce, "Kai wawa ne." Iyakar abin da ya zo bakina ke nan. Na yi ta ɗiga masa ruwan manjan nan murfi murfi, ni ina jiƙa harshe kawai. Da shi muka kai har ƙarfen ya iso, saura kaɗan a gindin jarka.

Ban ga zinariya ba. Na juyo da shi gida. Ya yi jinya a asibiti, aka ce ƙoda ce. Damina ta sauka bai shiga gona ba, kafin girbi ya rasu. Ko ruwan ne, ko kwana ne ya ƙare, Allah ne masani. Yaya ta daɗe ba ta kalli jarka shuɗiya ba.

Abu biyu na koya. Kyan jarka ba a waje yake ba, a tambayi abin da ta taɓa ɗauka, a bar rana ta ba da shaida. Na biyu ya fi nauyi. Kara halin kirki ce a gida, amma inda ruwa ya yi ƙaranci, wanda ya ce maka ya ƙoshi kada ka yarda, tashi ka duba.

Yanzu ina Fadaman Mada, ina tura kurar ruwa. Jarkokina duk na manja ne, kowace sai da ta yini a rana kafin ta hau kura. Iyalin abokina sun dawo unguwarmu, a gidansu nake fara sauke ruwa kullum.