Gatarin Aradu a Gonar Tanko

Ɗiyata Hafsat ta kamu da kallon wani katun na Japan a waya. Wai wani saurayi ne ya samu ikon kashe duk wanda ya ga mugu ne, ba alƙali, ba shaida. Ta tambaye ni, "Baba, in miyagu kaɗai yake kashewa, ina laifinsa?" Ni sana'ata saye da sayar da hatsi, daga Sheme har Sabuwa ba kasuwar da ban sani ba, amma na rasa amsar da zan auna mata. Muryar kakata Iya ce kawai ta faɗo mini a rai.

A Mabai na tashi. Da kaka, in an idar da magariba, Iya kan hura wuta da karan dawa a bakin madafa, ta zube mana gyaɗa mu ɓare. Tatsuniya ce ladanmu, kuma in hannunmu ya tsaya, bakinta ma ya tsaya. Iyayenta Maguzawa ne na duwatsun Faskari. Ta musulunta tun tana budurwa, amma labaran gidansu ba su rabu da ita ba. In za ta ba da irinsu, sai ta rage murya.

"Ku matso, wannan ba ta son hayaniya. Kai kuma mijin banza," ni ke nan, "ɓarewa na ce, ban ce ci ba."

Wai an yi wani manomi, Tanko, da ɓarayi suka addaba, suna yanke masa dawa tun tana tsaye. Ya kai ƙara wurin mai gari, aka ce ya kawo shaida. Sai ya tafi wurin wani tsohon maƙeri da ke ajiye da gatarin aradu, wani baƙin dutse mai santsi da ake cewa tsawa ce ke jefo shi. Maƙeri ya ce masa, "Ka binne a tsakiyar gona, ka faɗi buƙatarka. Amma ka auna maganarka, sau ɗaya yake ji."

Tanko ya binne, ya ce cikin fushi, duk wanda ya ɗauki wani abu a gonar nan ba da saninsa ba, aradu ta sauko masa.

Ba a jima ba, da rana tsaka, sama tas, wani ɗan gajimare mai faɗin faifai ya taso daga gonar ya bi wani mutum. Aka ji ƙara sau ɗaya. Aka same shi a ƙone, damin dawa a gefensa. Gari ya yi murna, maƙwabta suka roƙi Tanko ya ambaci gonakinsu su ma, ya ambata. Sata ta ɗauke. Haka nan tsofaffi masu roron gyaɗa suka daina fita, matafiyi kuma ya gwammace yunwa da ya karya masara ɗaya.

"Gari ya yi tsit," in ji Iya, "irin tsit ɗin maƙabarta."

Tanko yana da ɗiya, Ladi, tana aure a wani ƙauye mai nisa, ba ta ji labari ba. Ran da ta zo ganin gida ta ratso ta gonar ubanta, ta tsinki kuɓewa ta ƙulle a bakin zane.

"To wace ɗiya ce ke neman izini a gonar ubanta?" Iya ta tambaye mu.

Ladi ta yi sallama, ta juye wa uwarta kuɓewa a ƙwarya. Tanko na zaune sai ya ga wata 'yar inuwa ta faɗo tsakar gida. Ladi ta je bakin randa, inuwa ta bi ta. Ta dawo gindin turmi, inuwa ta dawo. Ita ba ta lura ba, tana ta dariya da uwarta. Tanko ya tura ta ɗaki, ya zura da gudu maƙera.

"Baba, ɗiyata ce. Miya ta tsinko mana."

Maƙeri bai ɗago daga zugazugi ba. "Duk wanda ka ce. Ka ce ban da ɗiya?"

Tanko na durƙushe yana roƙo, sai ya ji ƙarar a bayansa, ta wajen gidansa.

Wani cikinmu ya ce, "Iya, ta mutu?"

Ta tura kara cikin wuta. "Kuɓewar dai na nan a ƙwarya, ko yaushi ba ta yi ba. Ku kwashe ɓawon nan, ta ƙare."

Ina yaro na ɗauka gargaɗi ne kada mu taɓa kayan mutane. Sai da 'yan bindiga suka shigo mana na gane da masu gona take. Ni ba na zagin 'yan sa-kai. Da hannuna na sa ƙanina a kabari bayan 'yan bindiga sun tare shi a hanyar Sabuwa, kuma don 'yan sa-kai ne wasu ƙauyukanmu ke nan har yau.

Bara shugabansu na yankinmu ya zo shagona, ya zauna a kan buhu. "Alhaji, kai ka san masu sayen masara da yawa. Wa ke kai wa daji abinci? Suna kawai muke so."

Ina da suna a bakina. Malam Idi yana sayen abin da ya fi ƙarfin gidansa, ya ɗora a babur ya nufi yamma. Ko miyagu yake ciyarwa, ko dangi ne da aka kora suka tare masa, ko an riƙe masa wani ne ana karɓar abinci, ban sani ba. Abin da na sani shi ne, in sunan ya fita, ba za a dawo a tambaye ni ko na tabbata ba.

Na ce, "Ban ga kowa da idona ba."

Ya daɗe yana dubana. "Ƙaninka fa, Alhaji?"

"Allah ya ji ƙansa. Ban gani ba."

Ban ce na yi daidai ba. Duk ran da na ji an kai hari, nakan tuna bakina da na kama. Malam Idi kuwa yana zuwa kowace kasuwa. Nakan cika masa tiya, ya ɗaure buhu, ya yi mini godiya. In bi shi da kallo har ya sha kwana, kuma har yau ban san wanda zai ci tuwon ba.