Binne da taurarin Isufu

Jiya da hantsi a Tajaye, Baba ya dire buhun irin hatsi gaban ƙanena Isufu, wanda ya zo hutu daga karatun taurari. Buhun nan kaɗai ya rage mana. Ruwa bai sauka ba, maƙwabta kuwa sun fara binne iri a busasshiyar ƙasa.

Baba ya ce, "Kai da ka san taurari, mu binne ko mu jira?"

"Baba, wanga ba fannina ba ne. Jariran taurari nike bincike."

Ya nuna mishi hoto a waya: tauraro guda, ƙura ta kewaye shi kamar faifai. Ya ce ƙurar ke dunƙulewa sannu a hankali har ta zama duniya irin tamu.

"Yaushe?"

"Sai bayan miliyoyin shekaru."

Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar mishi da wayar.

"Ashe kai ma binne kake. Ni dai ina sa ran cin nawa."

Ya saɓa buhun ya nufi gona. Isufu ya ɗauki sungumi ya bi shi.

Har yanzu sama wasai take. Ku a garinku, an binne ko ana jira?