Fatar Bijimin Kaldawsa

A kan duwatsun Mokolo, namijin da bai taɓa yanka bijimin biki ba, ko ya yi furfura yaro ne. Kaldawsa sai da ƙarfinsa ya fara tafiya ya samu nasa. Ya rufe ɗan maraƙi a ɗaki mai duhu, yana hawa da sauka da ciyawa a ka, shi da iyalinsa suna kwana da yunwa bijimi yana ƙiba. Ranar biki sai da aka fasa bango kafin a fito da shi. Nama ya ƙare a 'yan kwanaki, fatar ce tasa. A cikinta maƙera, masu binne matattu a can, za su ɗinke gawarsa, ya isa wurin kakanni da mutuncinsa.

Sai aka gina gidan tarihi a gindin dutse, aka ɗauki ɗansa Ganava aikin zagayawa da baƙi. Ganava, mai bakin da zai sayar wa kifi ruwa, ya ce aron fatar kawai yake so, na ranar buɗewa. Tsoho ya bayar, don ɗa ne.

Da ya ji shiru ya dogara sanda ya sauka. Ya tarar an ɗinke fatarsa a jikin mutum-mutumin ciyawa, an zaunar da shi bayan igiya. Ya miƙa hannu zai shafa, Ganava ya riƙe masa wuyan hannu a gaban baƙi.

"Baba, ba a taɓawa. Kuma saurin me kake yi, ka mutu ne?"

Baƙin suka yi dariya. Kaldawsa ya hau dutse yana kuka kamar yaro, kuma bai sake saukowa ba.

Da damina ya cika. Maƙera suka je karɓar fata, shugaban gidan ya ce abin da ya shiga nan ya zama na al'umma, Ganava yana tsaye yana kallo. Suka ɗinke tsohon a fatun awaki biyu, irin na wanda bai taɓa ajiye komai ba. Fatun ba su kai ba, ƙafafunsa a waje aka ɗauke shi.

Ganava bai jira an gama makoki ba, don motar baƙi ta iso. Ya tsaya gaban ciyawar nan ya gyara murya.

"Ku duba da kyau, haka mu muke girmama iyayenmu."