Ranar da Yaya Nasiru Ya Gane Gwaggo

Duk wanda ya taɓa cin abinci a gidanmu na Gwallaga ya san Gwaggo Ladi, yayar babanmu, ba ta fita sai da gutsuren sabulu ƙulle a bakin zane. Mata na ƙulle kuɗi, ita sabulu. A gidan suna, an zagaye tire an yi bismillah, sai ka ji: "Tsaya! Wannan hannun daga ina yake?" Shi ke nan, a jeru a bakin rariya kamar 'yan firamare, shinkafa na hucewa. Har limamin unguwa bai tsira ba. Ya ce ai da alwalarsa. Ta ce, "Allah ya karɓa, Malam. Daga masallaci zuwa nan, hannu nawa ka gaisa da su?"

Aikinta koyar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa yadda za su hana cuta yaɗuwa, da yadda za su duba talaka kamar yadda suke duba mai kuɗi. Ba mai samun takardar gamawa sai ta sa hannu. Cikin ɗalibanta har da yayana Nasiru, wanda aka yi wa alkawarin aiki a wani asibiti a Gwallameji in ya kawo takardar. Bawan Allah ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Ya ɗinka farar riga, yana rataya abin sauraron ƙirji har wurin mai shayi, mu kuwa a gida dole mu ce masa Likita.

Ranar gwajin farko, Gwaggo na gefe tana lura, wata Hajiya ta zo daga GRA, unguwar masu kuɗi, turarenta ya riga ta shigowa. Likitanmu ya tsallake mata goma masu goyo, ya kai ta gaba har da kakkaɓe mata kujera.

Gwaggo ta ce, "Nasiru, zazzaɓin Hajiya a mota ya zo, na sauran a ƙafa ko?"

Hajiya ta ce, "Baiwar Allah, kin san ko ni wace ce?"

"Ban sani ba, Hajiya. Sauron da ya cije ki ma bai tambaya ba. Ga ƙarshen layi can."

Da ya dawo gida ya marairaice. "Haba Gwaggo, ni fa ɗanki ne."

"Shi ya sa. In ka kashe mutum, gidanmu za a zo zagi."

Gwaji na biyu da hannuna a ciki, Allah ya yafe mini. Ni na ɗauko mata tsohon mayafin da muke rufe kejin kaji da shi. Ta lulluɓe har hanci, ta ranƙwafa, ta shiga layi tana tari tana Hausa tsinci-tsinci irin ta wanda ba yarensa ba ce. Likita yana latsa waya, ko ɗaga kai bai yi ba, ya rubuta maganin ciwon kai ya miƙa. Sai tsohuwa ta miƙe zumbur ta yaye mayafi.

"Sannu da aiki, Likita! Tarin mako uku, ba tambaya, ba gwajin kaki, taga a rufe ruf. Ko so kake duk mutanen ɗakin nan su tafi gida da tsaraba?"

An ce sai da aka yi masa fifita.

To, daga ranar Yaya ya kamu da wata cuta da babu ita a littafi: kowace tsohuwa Gwaggo ce. Mai sayar da daddawa Gwaggo ce. Tsohuwa ta shigo asibiti, zai miƙe, ya durƙusa, ya wanke hannu har gwiwa, yana leƙen ƙarƙashin mayafi.

Ana haka wata tsohuwa mai sayar da itace ta zo, mutuniyar wajen Tafawa Ɓalewa, tana tari. Tsayinsu ɗaya da Gwaggo, ranƙwafawar ɗaya. Yaya ya ce yau dai asiri ya tonu. Ya buɗe taga, ya ba ta takunkumi, ya zaunar da ita. Yaushe tarin ya fara? Tana gumi in ta kwanta? Su nawa ke kwana a ɗakin? Da ya gama sai ya sunkuya yana murmushi.

"Gwaggo, yau kam na gane ki."

Tsohuwa ta ce da Hausarta tsinci-tsinci, "Wane ne Gwaggo? Ni Saratu ne!"

Gwaggo kuwa a lokacin tana tsakar gida tana cin ɗanwake, ni ce shaida. Gwajin kakin tsohuwar ya fito, tarin fuka ne na gaske. Aka ɗora Mama Saratu a kan magani, aka duba jikokinta biyu da ke kwana da ita.

Da labari ya iso, Gwaggo ba ta yi dariya ba, mu muka yi mata. Tambaya ɗaya ta yi masa: "Da ka gane ba ni ba ce, me ka yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Raka ta na yi ɗakin gwaji. Ba ta san hanya ba. Washegari na bi ta gida saboda yaran."

Ta ce, "Kawo takardar. Kawo biro ma, naka. Ba zan ƙarar da tawadata a kanka ba."

Bara Gwaggo ta rasu. Ranar uku Mama Saratu ta zo gaisuwa da ƙafarta, ta yi ƙiba, babu tari. Ta ce ita ba ta taɓa ganin marigayiyar ba, an dai ce mata darajarta ta ci. Yaya ya tashi ya fita waje, bai dawo ba sai bayan la'asar.

Allah ya jiƙan Gwaggo Ladi, ya haskaka makwancinta. Yadda ba ta bari an tsallake mai rauni ba, ya Allah kada rahamarka ta tsallake ta. Amin.