Jan Ruwan da Ke Fita ta Gefen Kwalbati

Ana idar da sallar asuba muka bar ƙauyenmu, ni da ƙanwar babana, ranar da zan rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon aikin lafiya a Funtua. Yau kwana huɗu ke nan. Ku yi haƙuri da yadda labarin zai zo.

An kwana ana ruwa. Hanyarmu burji ce, sai an kusa Malumfashi ake hawa kwalta. Ƙaramar bas ɗin cike take da mutane da buhunan ɗanyar masara, ga wani zakara a ƙarƙashin kujerata yana ta cara kamar shi ma jarrabawar za shi. Kuɗin mota ya tashi, direba ya ce laka ce ta ƙara. Dama da hagu masara ta fi mutum tsawo, gonakin waken suya sun yi kore shar, ni kuwa agogon wayata kawai nake kallo.

Mun iso wani rafi da aka yi wa sabon kwalbati bara. Ruwa ya cika, amma bai hau kan hanya ba. Direba zai wuce ke nan, wani dattijo a kujerar gaba ya ɗaga hannu.

"Tsaya tukuna, malam direba."

Daga baya na ji cewa a aikin hanya ya tsufa. Akwai kuma wani saurayi cikinmu, injiniya ne mai bautar ƙasa. Shi ya fara sauka, ya bi kwalbatin da kallo, ya duba ko akwai tsagewa a jikin kankaren, ya dawo yana murmushi.

"Baba, wannan ko tirela zai ɗauka."

Dattijon bai kula simintin ba. Ya naɗe wando, ya gangara inda ruwa ke shiga, ya ɗebo a tafin hannu, sannan ya leƙa inda yake fita. Ya kira saurayin.

"Zo ka gani, ɗana. Ta nan yana shiga kamar koko, ta can gefe yana fitowa ja. Ina ya samo jan? Ƙasar da aka cike hanyar da ita yake ci ta ciki."

"Ka tabbata, Baba?"

"Ban tabbata ba. Ta yiwu ta kai gobe, ta yiwu ta kai mako. Amma ni ba zan ɗora jikata a kanta ba."

Mutane suka hau guna-guni. Ni ce na fi kowa ɗaga murya, Allah ya yafe mini. Na ce, "Haba Baba, tsoronka zai sa in rasa jarrabawa!" Ga masu babur can tsallake suna jiran fasinja. Gwaggo ta riƙe mini hijabi, na fizge, na rungume takarduna na kama tafiya. Na ji dattijon yana kira, "'Yata, dawo!" Ban waiwaya ba.

Saura taku kaɗan in taka kankaren na ji ƙasa ta yi laushi kamar katifa. Sai ta buɗe. Ban san lokacin da na zurma har ƙirji ba. Ƙafafuna suna lilo a cikin rami, ruwa mai sanyi yana jansu, na kama gefen hanya yana marmashewa a hannuna. Salati ma kasa fita ya yi. Saurayin ya taho a guje, dattijon ya daka masa tsawa: "Kwanta! Da ciki za ka je mata!" Haka ya rarrafo da igiyar ɗaure kaya, ya zarga mini, maza suka ja. Suna fito da ni, wurin da na riƙe ya rufta gaba ɗaya. Kwalbatin kuwa yana nan tsaye, ko ɓalli bai yi ba. Ƙasar gabansa ce ta tafi, ta tafi da takarduna.

Ina zaune cikin laka Gwaggo na kuka a kaina, na ji saurayin yana yi wa dattijon magana.

"An koya mana wannan a makaranta, Baba. Har a jarrabawa na amsa shi. Da na gan shi ido da ido ban gane shi ba."

"Ba ka yi ƙarya a kan siminti ba," in ji dattijon. "Ruwan ne ba ka duba ba. Ni ma sai da na daɗe a bakinsa kafin na koyi halinsa."

Su biyun suka tsaya suna tare hanya da rassan itace, suna yi wa na tsallake ihu kada kowa ya matso. Mu kuma direba ya juya da mu ta wata doguwar hanya. A Malumfashi aka wanke mini ƙujewar ƙafa, wata mai ƙosai ta ara mini zani. Gwaggo ta ce tunda an fito sai an kai. Muka bi ta Bakori, muka shiga Funtua bayan azahar, 'yan jarrabawa suna fitowa suna neman keke. Na tsaya na kalle su, ban ji komai ba. Gasasshiyar masarar da aka saya mini ma ban iya ci ba.

Mun dawo gida washegari. Jarrabawa sai baɗi in da rai. Abin da na koyo shi ne, wanda ya san aiki ba kullum yake cewa ya tabbata ba, kuma in ya ce a tsaya ba tsoro ba ne. Gwaggo ba ta gaya wa kowa abin da na faɗa wa dattijon ba, ni nake faɗa yanzu da bakina. Na kira shi matsoraci a gaban jama'a, ya cece ni, muka rabu ban ba shi haƙuri ba. Ko sunansa ban tambaya ba.