Ranar da Na Durƙusa wa Tsarana

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Anka, saura ƙiris in rasa matar da nake aure yanzu saboda wata tambaya da ko ɗan firamare zai amsa ba tare da ya sosa ƙeya ba. Tambayar ita ce, wannan mutumin me yake a wurinka? Ni da nake tsayawa gaban allo ina cika wa 'ya'yan mutane kunne da bayani, na buɗe baki na yi ta kame-kame.

Mutumin ƙanin mahaifina ne. Amma ku tsaya, kada ku hango wani dattijo mai furfura da carbi. Kakana ya yi auren tsufa, matar ta haihu da safe, Inna ta haife ni da yamma, a gida ɗaya, a Bukkuyum. Rana ɗaya aka yanka mana raguna, wanzami ɗaya ya yi mana kaciya, kuma wai ni na fi ihu, abin da har gobe ban yarda ba. Kwano ɗaya muka tashi muna ci. Inna takan ɗora mana ƙanzo a gefen tuwo, a kansa muke dambe tun muna tsirara har muka fara aske gemu. Gajere nake ce masa, ya ce mini Dogo. Ban taɓa kiransa Baffa ba sai in ina neman tsokana.

Da muka girma ni na shiga koyarwa, shi kuma ya samu tallafin karatu ya tafi Turkiyya koyon noman rani. Yana can Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, kuma dama sauran 'yan uwansa maza duk sun riga shi. Da ya dawo, mutanen gari suka sa masa Baturke, saboda shayin da yake sha a wani ɗan ƙaramin kofin gilas ba madara. Yakan miƙo mini bayan hannunsa ya ce a can haka ake gaida baffa, a sumbaci hannu a ɗora a goshi. Ni kuma in make hannun.

To a wannan lokacin ne na ga yarinya a Gummi, ƙanwar wani abokin aikina. Ni mutum ne mai baki a aji, amma gaban mace sai harshena ya yi nauyi. Wa zan ɗauka rakiyar zance in ba wanda muke cin kwano ɗaya ba? Lokacin hanya da sauran lafiya, sai in goya shi a mashin bayan azahar, mu juyo kafin rana ta faɗi. Shi ne mai hirar. Ya saba da ƙannenta, ya saba da ƙawayenta, ita ma ta ɗauke shi abokin saurayi, abokin wasa. Takan ce, “Baturke, ina Baturkiyar taka, ko korar ka anka yi?” Akwai ranar da ta fizge hularsa ta shige gida da ita, haka ya dawo Bukkuyum kai ba hula. Mahaifinta in ya fito masallaci yakan gan mu, mu zube tare mu gaishe shi. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai in ce mata wannan baffana ne ba. A garinmu kowa ya sani, har an daina tunawa.

Ana nan aka ce in turo manya. Na faɗa wa Inna, ta ce to, Baffanka zai tafi. Na yi dariya har da riƙe ciki. Da na ɗago na ga ita ba dariya take ba.

“Ubanka ya bar ƙane da rai,” in ji ta. “Wa za ka tsallake shi ka aika?”

Aka fito masa da babbar rigar mahaifina, tana jan ƙasa. Aka haɗa shi da limamin unguwa da wani tsohon maƙwabcinmu, suka shiga mota da ƙunshin goro. Ni na zauna gida kamar yadda ake yi, ina ta leƙen hanya. Da suka dawo, goron na fara gani a hannun maƙwabcin, ko kwance shi ba a yi ba.

Maƙwabcin ne ya ba mu labari, don Gajere ɗaki ya shige. Ya ce bayan gaisuwa mahaifin yarinyar ya tambaya ina uban yaro, liman ya nuna Gajere. Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Wanga? Ba shi na ka zama bisa mashin ƙofar gidana shina dariya da ɗiyata ba?” Liman ya yi bayanin auren kakana tun daga tushe. Dattijon ya saurara tsaf, ya ce ya ji, ba ya ƙaryata malam.

“Ban hana ba, ban kuma ba da ba,” in ji shi. “Amma ni ba ni kai ɗiya gidan da ba a san uba ba, ba a san ɗa ba. In ta shiga, kunyatai za ta ji ko wasa za ta yi da shi? Ran da yaron yaɓ ɓata mata, wa za ta kai ma ƙara? Abokin cin tuwonai?”

Na so in ji haushi, amma na juya maganar ta kowane gefe na rasa inda ya yi kuskure.

Ba a jima ba ta kira ni a waya. Ta ce yanzu mutumin da ta fizge wa hula surukinta ne? Ta ce tun da ta ji ba ta iya haɗa ido da mahaifiyarta ba. Sai ta ce, “Ka gaya mani gaskiya, mi yake a wurinka?” Na ce abokina ne. Na ce wato baffana ne. Na ce ai duk ɗaya ne, ya danganta. Ta ce ya danganta da me? Ina shirin sake kame-kame ta kashe wayar.

Inna ce ta shimfiɗa mini hanyoyi biyu. Akwai wani dattijo a Nasarawa Burkullu, dangin mahaifina na nesa, gemunsa fari fat. In na so a ɗauko shi ya je Gummi, magana ta ƙare. Amma gari zai ce mun tsallake ƙanen mahaifina na jini don bai isa ba, kuma wannan tambarin ba zai goge daga jikinsa ba, ko ranar da zai nemi nasa auren. Ko kuma ya zama uba da gaske. A raba kwano, in bar kiran sunansa, in durƙusa in gaishe shi.

“Ba don idon mutanen Gummi ba hwa,” ta ce. “In kun yi, kun yi ke nan.”

Kaina ya ɗaure tamau. In na ɗauko dattijon, na riƙe abokina amma na zubar masa da girma. In na ba shi girman, na rasa abokin. In kuma na tsaya jan ƙafa, yarinya ba za ta zauna jirana ba, don na ji ƙishin-ƙishin akwai wani mai shagon yadi da ke zagaye gidansu.

Kun san malamin makaranta in ya ruɗe. Har ƙamus na buɗe, wai in ga yadda Turawa suka warware zancen tsara. Sai na tarar kalmar da suke kiran tsara da ita, wato peer, ita ce kuma suke kiran wani irin basarake nasu. Na rufe, na ce ashe su ma ruɗaɗɗu ne. Gajere na kwance a tabarma ya ce Turkawa sun fi su tsari, kowanne da sunansa. Wanda kuka zo duniya shekara ɗaya yashit ne, wanda kuke tafiya kafaɗa da kafaɗa akran ne, ya lissafo wasu ma na manta. Na ce to ni da kai wanne ne? Ya ce duka. Ya ƙara da cewa sai dai kuma shi amja ne, wato baffa, kuma wannan ba ta shiga layin waɗancan. Na ce to ka zaɓa mana. Ya ce shi ba aure yake nema ba.

Haka na yi ta yawo tsakanin Anka da Bukkuyum ban yanke komai ba. In na kwana da niyyar zuwa Nasarawa Burkullu, in tashi da akasinta. A aji na taɓa tsayawa da alli a hannu har 'yan gaba suka fara taɓa juna.

Ranar wata kasuwar Bukkuyum, da rana tsaka, muna zaure muna cin tuwon dawa. Ya kai hannu kan ƙanzo, na cafke wuyan hannunsa, yana cewa sake ni Dogo, ina cewa sai dai a raba. A haka muka ji sallama. Mahaifin yarinyar ne tsaye a bakin ƙofa. Wake ya zo saye, ya ce bari ya biyo ya ga gidan da idonsa. Ya kuwa gani.

Na saki hannun a hankali. Muka amsa sallama, ya ƙi zama. Ya dube ni ya ce, “Yaro, liman ya gaya mani nashi. Kai nika son ji. Wanga mi na a gare ka?”

Ba zan yi muku ƙaryar cewa tunani na yi ba. Ƙafafuna ne suka yanke hukuncin. Na tashi daga kan tabarmar, na koma ƙasa gefe, na durƙusa da hannuna duk miya, na ce, “Baffana na.”

Ban yarda na dubi Gajere ba, don na san halinsa, in muka haɗa ido dariya za ta ƙwace mana mu duka, shi ke nan an gama. Ina jiran in ji ta fashe. Ba ta fashe ba. Sai na ji ya ja kwanon gefe, ya gyara zama, ya ce, “Tashi ka kawo ma baƙo ruwa, ka ba mu wuri.”

Muryar mahaifina ce. Ban taɓa lura suna da murya ɗaya ba, don ban taɓa jin ya yi magana ba wasa a ciki ba. Na kawo ruwan na ajiye, na shige cikin gida na tsaya bayan zana, ban san dariya zan yi ko kuka ba. Inna na daka, ta dube ni sau ɗaya ta ci gaba da dakanta.

Sun daɗe suna magana, ban san me suka ce ba, har yau kuma ban tambaya ba, don ɗa ba ya tambayar irin wannan. Da dattijon zai tafi ya ce a maido goro.

Ni a wautata na ɗauka in baƙo ya tafi komai zai koma yadda yake. Da yamma na shiga zaure ina cewa, “Gajere, yau ka aike ni ɗibar ruwa ko?” Sai na ga kwano biyu, Inna ta riga ta raba. Yana zaune inda mahaifina ke zama. Ya ɗan murmusa, amma idonsa ya yi ja.

“In munka koma, mun yi ma dattijon ƙarya,” ya ce. “Na ce mai ɗiyatai na da uba a gidanga. Ɗauki kwanonka.”

Na ɗauka. Na zagaya tsakar gida da shi ina neman wurin zama, a gidan da aka haife ni.

An yi biki lafiya. Matata ta wanke hular nan ta goge, ta ba Inna ta miƙa masa, don ita ba ta iya ba. Ba ta faɗin sunansa, in ya shigo ta ja mayafi. Sau ɗaya ta taɓa kai ƙarata wurinsa, kuma ya wanke ni tas, ina durƙushe ina cewa a yi haƙuri, wani ɓangare na zuciyata na cewa yanzu wannan da na sha kayarwa a rairayi ne ke mini faɗa? Amma na gyara abin da ya ce in gyara.

In kun tambaye ni darasi, ban da wani babba. Na dai gane cewa shekaru ɗaya ba su ne ke sa mutane zama daidai ba, kuma akwai wurin da in babu kowa a ciki, dole wani ya tashi daga kusa da kai ya je ya zauna. Ban yi nadama ba, ina da iyali, 'ya'yana suna da kaka. Amma ina kewar abokina, kuma abin da ya fi ruɗa ni shi ne kullum ina ganinsa.

Yanzu in na je gida, yakan ci abincinsa a zaure, ya kira ni in ɗauke kwano, ya rage mini kamar yadda manya ke yi. Ba ya taɓa ƙanzon. Duka yake bar mini, a gefe, yadda Inna ta ɗora. Na yi shekaru ina dambe don in samu rabi, yau ga shi duka nawa, kuma ba ya mini daɗin da rabin ke yi a da.